Sunan Uwa a Takardar Kaka

Naga Sawaki, Suhaj
4 ga Oktoba

Yaya Nermin,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baffa Faraj da Inna Suhair. Mu nan lafiya ƙalau, sai Umma da ta yi mura kwana uku, ta warke. Baba ya bugo daga Kuwait ranar Juma'a, ya ce zafi ya fara sauƙi. Ɓaunar da muke kiwo ta haihu, mace.

Kada ki yi mini dariya don na rubuto wasiƙa a zamanin waya. Kin san ni, da an miƙo mini waya sai bakina ya mutu. Kuma wayar Umma ba ta kama sabis sai an hau saman soro an tsaya kusa da gidan tantabaru. Kawu Shahata direba, mai kai albasa Alƙahira duk mako, shi ya ce in riƙa saka takarda cikin kwandon burodin da Kaka take aiko muku.

Kaka ce ta ce in yi miki godiya. Katin rabon abincinta da kika sabunta mata ta waya ya fito. Da farko ba ta yarda ba. Ta ce, "Ba a je ba, ba a bi layi ba, ba a ga kowa ba, a ce ya fito?" Sai da mai shagon rabo ya sa katin a na'urarsa ya miƙo mata mai da sukari sannan ta yarda. Tun ranar ba ta da wata magana sai taki. Ta gaya wa Ummu Rida maƙwabciyarmu, ta gaya wa mai madara, ta gaya wa mai gyaran famfo. Tana cewa, "Jikata ta Alƙahira da ɗan yatsa take yi wa gwamnati magana." Jiya na ƙirga, sau tara ta ambaci sunanki kafin azahar.

Da ni nake raka ta ofishin gunduma, tun ina shekara tara. Mukan fita da sassafe a motar haya, ni ce mai riƙe jakar takardu, ni ce mai karanta abin da aka liƙa a bango. Layin yakan kai bakin titi. In mun gama sai ta saya mana ƙosan ta'amiyya da ruwan rake mu zauna a gindin bishiyar tasha mu ci. Bana ba mu je ba. Jakar tana nan rataye.

Sai maganar idonta. Likitan da ya zo ƙauye ya ce yana ce ta rufe na hagu, ta fara cin na dama, sai an yi aiki. Baffa ya ce a Alƙahira za a yi, gwamnati ce za ta ɗauki nauyi, kuma ke za ki nema mata ta shafin nan nasu na intanet. Na riga na wanke baƙar rigarta ta tafiya. Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Wai gaskiya ne awa takwas ake yi?

Cukwin da ke cikin gwangwani na Baffa ne, kada ki cinye.

Ƙanwarki,
Rauda


Shubra, Alƙahira
10 ga Oktoba

Rauda 'yar ƙauyenmu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, suna gaishe ku. A yi wa Umma sannu, a yi wa ɓauna barka. Cukwin kuwa na ci, kai ƙarata.

Wallahi wasiƙarki ta faranta mini rai. Sau tara kafin azahar! Na karanta wa Baba, ya ce yau kaina ba zai shiga ƙofa ba. Na gode da kika ƙirga mini, ke dai akwai kirki.

Ke kuma yanzu sai ki huta. Ba sauran tashin sassafe, ba tsayuwa cikin rana kina shaƙar zufar mutane. Ki mai da hankali kan karatunki, wahalar ta ƙare. Abin da kuke ɓata yini guda a kansa, ni ina kwance a kan gado nake yinsa, ina shan shayi.

Na fara cike fom ɗin aikin ido. Na sa hoton katin shaidarta da takardar likita, kuma mun yi sa'a, akwai gurbi ranar 20 ga Nuwamba. Sun riƙe mana shi na mako uku, in ba a kammala ba su ba wani. Akwai wajen da ake sa sunan mai jinya, mutum ɗaya suke bari ya shiga da marar lafiya, kuma sai mai katin shaida. Na sa sunana, tunda ke ba ki isa yin kati ba. To, an ce in babu babba akan bar yarinya ta shiga da takardar haihuwarta, amma me zai sa a wahalar da ke? Ni da Baba za mu zo mu ɗauke ta.

Abu ɗaya ya rage. Kafin ya karɓa, shafin yana tambayar cikakken sunan mahaifiyar Kaka kamar yadda yake a takardar haihuwarta, don ya tabbatar ita ce. Baba ya ce Sakina Mahran, amma ya manta na ukun. Ki tambayar mini ita. Ki lura fa, sau uku kawai ake gwadawa, in an kuskure ya kulle. Zan kuma bugo ta wayar Ummu Rida in ji daga bakinta.

Awa takwas ne in jirgin ya ga dama. Wata rana za ki hau.

Yayarki,
Nermin


Naga Sawaki
17 ga Oktoba

Yaya Nermin,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Kaka tana lafiya, sai dai yanzu in ta zuba shayi rabi a kofi rabi a faranti.

Na ga saƙonki. Na gode da kika ce in huta. Ina hutawa. Rigar tafiyar ma na ninke ta na mayar akwati, tunda masu kati za su zo.

Kin dai ji da kunnenki ranar da kika bugo. Ban sani ba ko kin ji sosai, don wayar tana yankewa. Mata huɗu ne a tsakar gidan Ummu Rida suna tsinke lalo, duk suka bar aikin suka zuba ido. Kaka ta riƙe wayar nesa da kunnenta kamar garwashi, ta ce, "Sunan uwata? Yau kuma? Sakina mana, 'yar Mahran! Ko ubanki ya manta kakarsa ne, don ya sha ruwan birni?" Suka yi ta dariya. Ummu Rida ta ce, "Hajiya, gwamnati ce ke tambaya, ki yi magana da ladabi." Kaka ta ce, "Gwamnatin da ke cikin wannan 'yar akwatin? To ta fito mu gaisa."

Sunan mahaifin Sakina Mahran Abdul-Al. Haka yake a jikin kabarinta, na je na duba.

Yanzu kin yi suna a nan. Ummu Rida tana so ki ciro wa jikanta takardar haihuwa. Matar mai gyaran famfo tana so ki nemo mata ranar ganin likita. Katunansu suna cikin leda a ƙarƙashin burodi. Da can ni suke kira in karanta musu takarda, yanzu in sun gan ni sai su ce, "Rauda, yaushe Shahata zai tafi?" Shi ke nan aikina, sanin ranar tafiyar Kawu Shahata.

A makaranta akwai kwamfuta biyu, ɗaya ta mutu, ɗayar malam ya lulluɓe ta da zane kada ƙura ta shiga. Sau ɗaya na taɓa ta.

Kaka ta ce in gaya miki ta ware miki tantabaru biyu masu ƙiba, sai kin zo za a yanka. Ni na yi kiwonsu tun suna ƙwai, amma ba komai.

Rauda


Shubra
26 ga Oktoba

Rauda,

Ina gaisuwa. Ba na jin daɗi, don haka ba zan tsawaita ba.

Ya ƙi. Na sa Sakina Mahran Abdul-Al, ya ce bai dace da abin da ke rajista ba. Na ce ko rubutun ne, na canza harafi ɗaya, ya ƙi. Na jira kwana biyu, na tambayi Baba, na tambayi wata tsohuwar gwaggonsa a unguwar Imbaba, duk suna ɗaya suka faɗa. Na gwada na uku. Ya kulle. Ba zai buɗe ba sai bayan kwana talatin. Gurbin 20 ga Nuwamba ya tafi.

Na je ofis da kaina, na bi layin da na ce miki ya ƙare. Matar da ke taga ta ce ba ta da ikon gaya mini abin da ke rajistar wani, sai mai ita ta zo da ƙafarta. Gaskiyarta ce, amma na fito ina kuka a titi kamar yarinya.

Baba ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba. Ya ce rawar kai ce ta sa na ɓata, wai da na bari an bi tsohuwar hanya da tuni an gama. Takardun su Ummu Rida kuwa duk sun fita cikin minti goma, suna cikin kwandon. Na baƙi ya yi, na kakata ya ƙi.

Ke da kika yi shekaru kina raka ta, ba ki taɓa ganin takardar haihuwar da idonki ba? Ki duba jakar nan don Allah.

Nermin


Shubra
22 ga Nuwamba

Rauda,

Lafiya dai? Kwando huɗu ke nan ina zazzage burodi har ƙasa, babu takarda. Kawu Shahata ya ce yana ganinki, ƙafarki ƙalau, hannunki ƙalau.

Na san dalili. Kina jin haushina don na ɓata wa Kaka aikinta. Kina da gaskiya. Shekaranjiya ce ranar, na yini ban ci abinci ba. Na bugo sau biyu ta wayar Ummu Rida, Umma ta ce kin hau soro, ko kin tafi gona. In zagina za ki yi ki rubuto ki zage ni, ya fi wannan shirun.

Yaya idon?

Nermin


Naga Sawaki
28 ga Nuwamba

Yaya Nermin,

Assalamu alaikum. Umma lafiya, ni ma lafiya. Kaka ba lafiya ba.

Ranar Talata tana gashin burodi. Kin san ba ta bari kowa ya taɓa mata tanderu. Ta miƙa hannu za ta ciro, ba ta ga bakin ƙarfen ba, ta ɗora hannun a kai. Ta ƙone daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. Ba ta yi ihu ba, cewa kawai ta yi, "Rauda, zo ki ciro sauran kada su ƙone." An kai ta ɗakin shan magani an naɗe. Ni nake wanke mata duk safiya. Da an yi aikin ranar 20, da ranar Talata tana gani.

Ba haushinki nake ji ba. Ba ke kika ɓata ba. Zan faɗa miki, amma ki karanta ke kaɗai, kada Baffa ya gani.

Takardar haihuwar Kaka ba tata ba ce. Kafin mahaifinta ya auri Sakina yana da mata, ta haifi 'ya mace aka sa mata Bahiyya, aka yi mata takarda. Uwar da jaririyar suka rasu cikin shekara ɗaya, ba wanda ya je ya gaya wa hukuma. Da ya auri Sakina ta haifi mace, sai ya ce yini guda ake yi a kan jaki kafin a kai ofis, ga takarda a akwati ba mai amfani da ita. Ya sa wa jaririyar, wato Kaka, Bahiyya, ya ba ta takardar yayarta. Kaka ta ce gidaje da yawa sun yi haka a lokacin. Shi ya sa a kati ta girmi kanta da shekara uku. Kuma sunan uwar da ke takardar ba Sakina ba ne. Fahima Jadul-Karim Hasanain ne.

Na sani tun ina shekara tara. Ranar farko da na raka ta, ma'aikacin taga, Ustaz Milad, ya tambayi sunan uwa, Kaka ta sunkuya ta raɗa masa Fahima. Ni kuwa na ɗaga murya na ce, "A'a Kaka, Sakina!" Ta mintsine ni har sai da wurin ya yi baƙi. Ustaz Milad ya yi kamar bai ji ba, kuma daga ranar bai sake tambayarta ba, da ya hango ta sai ya rubuta da kansa. A gindin bishiyar tasha ta ba ni labarin, ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har Baba da Baffa. Tana tsoron a ce Bahiyya ta mutu tun tuni a ƙwace katinta. Kuma ta ce duk ranar da ta kira wata mata uwarta sai ta ji kamar ta tofa wa Sakina yawu.

Wata guda ina gaya wa kaina rantsuwa ce ta hana ni. Ƙarya ne. Da na ce, "Kaka, sunan takarda suke nema," da ta ce in rubuta miki. Ni nake karanta mata wasiƙunki. Da na zo wajen da kika ce "kamar yadda yake a takardar haihuwarta", sai na tsallake. Ranar da kika bugo ina tsaye ina riƙe da hannunta, na ji ta ce Sakina, na san ba zai yi ba, na yi shiru. Har kabari na je na kwafo miki sunan da na san ba zai buɗe komai ba.

Na so ne ya ƙi sau ɗaya. Sau ɗaya kawai, ki rasa yadda za ki yi, a ce a tambayi Rauda. In ya so a ce Rauda ce za ta raka ta, tunda ita ta san kanta. Na ɗauka bayan na farkon za ki rubuto. Ban san za ki gwada ukun duka ba. Da wasiƙarki ta zo kuwa kunya ta hana ni ɗaukar biro.

Kwana talatin ɗin sun cika. Ki sa sunan.

Rauda


Shubra
5 ga Disamba

Rauda,

Na gaishe da Umma. Kaka kuwa ki yi mata sannu, ki ce na aiko da man ƙuna, yana cikin kwalin da ke kwandon, sau biyu a rana.

Na sa sunan. Ko ƙiftawar ido bai yi ba ya karɓa. Na zauna ina kallon wayar kamar in buga ta da bango. Sabon gurbi 11 ga Fabrairu. Wata biyu da wani abu ke nan tana laluben bango.

Kin san abin da kika yi mini? Wata guda Baba ba ya kallona in muna cin abinci. Wata guda ina tunanin ni na makantar da kakata. Ina rubuto miki ina ba ki haƙuri, ke kuma kina karantawa kina ninkewa. Yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya yi sai ta ɓuya bayan ƙofa! Ashe shiru-shiru ba tsoro ba ne.

Na koma na karanta wasiƙarki ta farko. Sau tara kafin azahar. Ni sakarya na ɗauka murna kike taya ni.

To bari in gaya miki nawa. Kina kishina don Kaka ta ambaci sunana sau tara? Ni sau nawa na gan ta a rayuwata? Sallah biyar, ko shida. In na zo kunyata take ji, tana shimfiɗa mini sabon zanen gado kamar baƙuwa. Ke take zagi, ke take aike, ke take mintsini. Ni lambar katinta na haddace, guda goma sha huɗu, ita ce kawai abin da na sani nata. Da na sa sunana a wajen mai jinya, ba don in hutar da ke ba ne, ƙarya na yi. So nake in samu kwana uku da ita ni kaɗai. Na san za ki so zuwa, na yi kamar ban sani ba. Amma ni ban taɓa idonta ba, Rauda. Ke kin taɓa.

Ban gaya wa Baba ba. Ya tambaye ni yadda aka yi, na ce shafin ne ya gyaru. Har yanzu yana ganin laifina ne na farko, na bar shi a haka, don sirrin na Kaka ne, ba naki ba, ba nawa ba.

Wajen mai jinya na bar shi fili, ana iya cikewa har ƙarshen wata. Ba zan sa sunana ba, ba zan sa naki ba. Ki zaunar da ita ki gaya mata duk abin da kika gaya mini, ba tsallake. Wadda ta zaɓa ita zan rubuta. In kuma ba ki gaya mata ba, ranar da na zo zan gane a fuskarta.

Nermin


Naga Sawaki
19 ga Disamba

Yaya Nermin,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An fara saran rake, hanya duk tarakta. Hannun Kaka ya bushe, sabuwar fata ta fara fitowa, man da kika aiko ya yi aiki.

Na gaya mata. Kwana shida ina ɗaukar maganar ina ajiyewa. Ranar Asabar da hantsi Umma ta tafi kasuwa, ina naɗe mata hannu, sai na fara, don in ina kallon bandeji ba sai na kalli fuskarta ba. Na faɗi duka, har zuwa kabarin.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Wato yarinyar can ta san Fahima."

Na ce, "Ta sani, Kaka."

"Akwatin ma ya sani."

Na ce, "Shi dama ya sani, tun can yana rubuce a wajensu. Ba wanda zai ƙwace miki kati."

Ta ce, "To ni nake ta ɓoye wa gwamnati abin da ke aljihunta." Har ta yi 'yar dariya. Na ɗauka an wuce wurin. Sai ta janye hannunta daga nawa, ta ce, "Rantsuwar da kika karya ba ta dame ni ba, don idona kika karya ta. Amma kina tsaye kusa da ni a gidan Ummu Rida, ana yi mini dariya, kin san ramin da zan faɗa, kika riƙe hannuna kika raka ni ciki. Ni da ba na gani, da idon wa nake tafiya?"



Ta ce, "Kuma kika bar 'yar mutane tana shan faɗan ubanta. In Faraj ya zo ni zan gaya masa da bakina, tun daga Fahima har ƙasa. Na gaji da raɗa."

Na ce, "Kaka, wa za a rubuta?"

Ta ce, "Nermin."

Na ce to. Na ci gaba da naɗin, hawaye yana zuba a kan bandejin. Ta ce, "Kada ki jiƙa mini ciwo, 'yar banza." Da yamma ta ba ni ɓawon burodi mai ƙuna-ƙuna, wanda ta san ina so. Amma ba ta canza zaɓinta ba, kuma na san ba za ta canza ba. Wasiƙarki ta ƙarshe ma sai ta sa Umma ta karanta mata, ba ni ba.

Don haka ki sa sunanki. Ga abubuwan da ya kamata ki sani, tunda ba a shafin suke ba.

Ki riƙa tafiya ta hagunta, nan ne ba ta gani sam. Kada ki ja ta, ba ta so, ki bari ita ta kama gefen mayafinki. In kun zo matakala kada ki ce "a hankali", haushi take ji, ki faɗi yawansu kawai. In ta ce ba ta jin yunwa ƙarya ne, kunyar ci a gaban mutane take yi, ki ce ke ce kike jin yunwa, ki saya, ki ajiye tsakaninku, ki kalli taga. Ba ta shan ruwa a tafiya don kada ta nemi bayan gida, sai kin matsa mata. In likita ya tambaye ta shekarunta za ta dube ki, ki faɗi na kati. Tana tsoron allura fiye da wuta, amma ba za ta nuna ba, za ki ji dai ta fara zagin Baffa ba dalili. In ta zage ki ke ma, kada ki ji haushi. Ni dai zan ji.

Jakar takardun tana cikin kwandon, na sa komai a jere. Zip ɗin yana cijewa, sai an ja shi baya tukuna.

An ce washegarin aiki ake cire audugar. Fuskarki za ta fara gani, bayan shekara biyu tana ganin mutane kamar inuwa. Na yi ta tunanin wannan har kaina ya yi ciwo. Ni rabon da ta ga fuskata sosai tun ina aji huɗu, ba ta san na yi tsawo ba sai da hannu. Da na ce kada ki gaya mini abin da za ta ce in ta gan ki. Na fasa. Ki rubuto mini duka, kalma da kalma, ko zai yi mini zafi. Kada ki tsallake komai.

Ƙanwarki,
Rauda